RUWAN RAFI A HANYAR DUTSE: A TACE, SA'AN NAN A KASHE CUTAR

Damina ta kankama, rafuka sun kawo. Duk wanda ya bi hanyar duwatsu a wannan lokaci, ko a Mambila, ko a ƙasar Jos, ko a duwatsun Mandara, ba zai yi tafiyar sa'a guda bai ƙetare ƙorama ba. Ruwan kuwa ga sanyi, ga haske, har ana hangen tsakuwa a ƙarƙashinsa. Manomi mai gona a bayan dutse, da falke mai kai kaya kasuwar ƙauye, da makiyayi, da akawun da aka aika rangadi, kowa in ƙishirwa ta kama shi sai ya durƙusa ya kamfata da tafin hannu, ya sha, ya tashi ya ci gaba. Bayan mako guda ko biyu ciki ya ɓaci, a ce sanyi ne, ko kuwa sabon ganye aka ci. Ba mai tunawa da rafin.

Akwai waɗansu mutane da wannan al'amari ya dama ƙwarai, har suka nemi masana suka auna musu shi filla-filla. Su ne masu tseren gudu a kan duwatsu. Su dai wasa ya kai su, manomi kuwa neman abinci ya kai shi, amma rafin da suke sha iri ɗaya ne, cikin mutum kuma ba ya tambayar abin da ya kawo shi daji. Saboda haka abin da suka koya yana da amfani ga masu karanta wannan fili.

MASU GUDU A KAN DUWATSU

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani irin gudun yada-ƙanin-wani wanda ake yi a kan turbar daji, hawa da gangara. A 1974, a jihar Kalifoniya ta Amurka, wani mutum mai suna Gordy Ainsleigh ya shiga tseren dawaki na mil 100 da ƙafarsa, ya kuwa gama kafin sa'a 24 ta cika. Daga nan aka mai da abin tseren mutane, ana kiransa Western States. A 2003 kuma aka fara wani a garin Chamonix na Faransa, inda ake kewaya dutsen Mont Blanc, a ratsa Faransa da Italiya da Suwizalan. Nisansa wajen kilomita 170 ne, watau mil 106, hawan da ke ciki kuwa in an tara shi ya kai mita 10,000. Gwanaye sukan gama cikin sa'a 20, na baya kuwa sai su kwana biyu a hanya. A nan kusa ma, tun 1973 ake tseren hawa Dutsen Kamaru daga garin Buea, kilomita 38 hawa da sauka.

Ranar tsere akan kafa rumfuna a hanya inda ake ba su ruwa, a tseren Mont Blanc ma doka ce kowa ya riƙe gorar da za ta ci lita ɗaya aƙalla. Amma ranar tsere ba ta da yawa a shekara. Sauran watanni mutum shi kaɗai yake fita horon jiki, ya wuni a daji, ba rumfa, ba mai talla. Mai gudu cikin zafi yakan zubar da gumi kamar lita ɗaya a sa'a guda, lita ɗaya ta ruwa kuwa nauyinta kilo ɗaya ne. Wanda zai yi sa'a goma ke nan sai ya goya kilo goma, da irin wannan kaya kuwa ba a gudu. Tilas ya sha daga rafi. Lissafin da ke gaban falke mai kaya a ka ke nan, gama shi ma ba ya iya ɗora jarka bisa kayansa.

Abin da ya faru a ɓangaren tsibirin Borneo da ke cikin ƙasar Malesiya, cikin watan Agusta na 2000, ya zame musu darasi. An yi wani babban tsere a can wanda ya haɗa ratsa kurmi, da hawan dutse, da tuƙin kwalekwale, da iyo. Mutum 304 suka shiga daga ƙasashe fiye da 20, dukansu ƙarfafa ne lafiyayyu. Aka gama, aka watse, kowa ya koma gida. Ba a jima ba sai zazzaɓi ya fara kayar da su ɗaya bayan ɗaya, da ciwon kai, da ciwon sharaɓa, da jan ido. Likitocin Amurka suka bi sawu, suka sami magana da mutum 189, suka tarar 80 daga cikinsu sun kamu, 29 har an kwantar da su a asibiti. Ƙwayar cutar ita ce wadda ake kira leftosfira, tana fitowa daga fitsarin ɓera da na dabbobi, ruwan sama ya wanke shi zuwa kogi. Waɗanda suka yi iyo a kogin Segama su suka fi kamuwa. An yi sa'a ba a rasa rai ba, amma kowa ya gane ƙarfin jiki ba ya tsare mutum daga ruwan da bai san asalinsa ba.

ABIN DA IDO BA YA GANI

An ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. To, a wajen ruwa dai ido bai san kima ba, don abubuwan da ke kawo cuta sai da madubin likita ake ganinsu. Masana suna auna su da wani awo da ake kira maikiron. A raba milimita ɗaya kashi 1,000, kashi ɗaya shi ne maikiron. Kaurin silin gashin kai guda ya kai wajen maikiron 70. Da wannan awo an kasa ƙwayoyin cutar ruwa gida uku.

Na farko su ne manyansu, masu ɓawo kamar ƙwai. Akwai jiyardiya, wajen maikiron 10, mai kawo zawo mai wari da kumburin ciki da yawan gyatsa. Wani mutumin Holan, Antoni van Leeuwenhoek, shi ya fara ganinta a 1681, cikin zawon kansa. Akwai kuma kiriftosforidiya, wajen maikiron 5, wadda makiyaya suka san aikinta ko da ba su san sunanta ba, gama tana cikin abubuwan da ke sa wa maruƙa zawo a makonninsu na fari. Don sauƙi sai a kira ta ƙwayar zawon maruƙa. Maraƙi guda mai ɗauke da ita yana zubar da miliyoyinta cikin kashinsa, kaɗan kuwa sun isa su kwantar da babban mutum. Waɗannan biyu sukan yi makonni, har watanni, da rai cikin ruwa mai sanyi. Ashe sanyin nan na ruwan dutse da ake yabo shi ke adana su.

Na biyu su ne bakteriya, wajen maikiron ɗaya ko biyu, su ke kawo kwalara, da taifot, da wani irin atuni. A 2021 kaɗai, a Nijeriya, an lissafa fiye da mutum 111,000 da ake zaton kwalara ta kama, fiye da 3,600 suka rasu. Na uku su ne bairos, waɗanda yawancinsu ba su kai kashi ɗaya cikin goma na maikiron ba. Daga cikinsu akwai masu kawo shawara, da masu sa yara amai da gudawa, galibi kuma daga bayan gidan mutane suke shiga ruwa.

Jama'a da yawa suna cewa ruwa mai gudu ba ya riƙe ƙazanta. Gudun ruwa ba ya kashe kome, sai dai ya ɗauko abin da ke sama ya kawo shi ƙasa da sauri. Ruwan sama ma haka yake yi. A watan Mayu na 2000, a garin Walkerton na Kanada, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya wanke takin shanu daga wata gona ya kai shi rijiyar da gari ke sha. Wajen mutum 2,300 suka kwanta, 7 suka mutu, a garin da mutanensa ba su cika 5,000 ba.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne cutar ba ta nunawa nan take. Jiyardiya takan yi mako ɗaya ko biyu kafin ta tashi, ta maruƙa kuwa wajen mako guda. Mai gudu in ya kamu tsere ɗaya ya rasa. Manomin da zawo ya kwantar mako biyu a lokacin noman firi kuwa, ciyawa ba ta jiransa, hasarar sai ta bi shi har rumbu.

ZAƁEN WURIN ƊIBA

Tsarkake ruwa daga wurin ɗiba yake farawa. Masu gudu sukan duba taswira tun a gida su san abin da ke saman kowane rafi. Ɗan ƙasa ba ya bukatar taswira, ya san inda ƙauye yake, da inda ruga take, da inda ake haƙar ma'adini. Sai ya yi aiki da saninsa.

Mafi kyau shi ne marmaro, a ɗiba daidai inda yake ɓuɓɓugowa. Sa'an nan 'yar ƙoramar da ta gangaro daga gefen dutse, wadda ba gida ko garke a samanta, ta fi babban rafin da ya ratso ƙauyuka. In an iso maƙetara ko mashayar dabbobi, kada a ɗiba a nan, a haura sama da ita tukuna. A duba gaɓa ko akwai kashin shanu, ko mushe, ko alamar ana zagawa wurin. A ɗiba inda ruwa ke tafiya, daga ɗan ƙasa da fuskarsa, kada a tayar da laka. Ruwan da ya yi jajawur bayan an ɗauke ruwan sama shi ya fi kowane haɗari, gama ya share dukan abin da ke bisa ƙasa. Ruwa mai gansakuka a kwance, ko mai kumfa, ko wanda kifi ya mutu a ciki, sai a wuce shi.

Duk da haka, zaɓen wuri rage haɗari kawai yake yi. Ba mai ganin abin da ke bayan kwana. Saboda haka aikin da ya rage guda biyu ne, a tace, sa'an nan a kashe abin da ya tsallake mataci.

TACEWA

Mataci mafi araha shi ne ƙyalle. A ƙasar Bangaladash, tsakanin 1999 da 2002, wata masaniya mai suna Rita Colwell da abokan aikinta suka koya wa mata a ƙauyuka 65 su riƙa ninka tsohon zanensu sau huɗu ko fiye, su ɗora a bakin tulu kafin su ɗibi ruwa. Kwalara ta ragu da kusan rabi a ƙauyukan. Dalili kuwa, ƙwayar kwalara tana manne wa ƙananan ƙwarin ruwa, ƙyallen da aka ninka yana tare ƙwarin, sai ya tare mafi yawan cutar tare da su. Tsohon ƙyalle da ya sha wanki ya fi sabo, don zarensa ya yi laushi, ƙofofinsa sun matse. Gefen rawani mai tsabta, ko ɗankwali, zai yi wannan aiki. In an gama a ɗauraye shi da ruwan da aka tace, a shanya a rana. Amma ƙofar ƙyallen da aka ninka sau huɗu wajen maikiron 20 ce, mai karatu kuwa ya riga ya ga girman ƙwayoyin. Ƙyalle dai mafari ne.

In ruwa ya yi dauɗa ƙwarai, kuma akwai lokacin zama, a kwantar da lakar. Matan ƙauyukan bakin kogin Nilu a Sudan sun daɗe suna yin haka da irin zogale. A samu busasshen iri, a ɓare, a daka ya yi gari, kamar ƙwara ɗaya ga lita ɗaya. A dama shi da ɗan ruwa, a zuba, a gauraya da sauri, sa'an nan a hankali, a bar shi sa'a ɗaya ko biyu. Laka za ta kwanta, a tsiyaye na sama. Alif, wanda waɗansu ke kira alam, shi ma haka yake yi. Dukansu biyu haske suke ba ruwa, ba su gama da cutar ba.

Matacin da masu gudu ke riƙewa yana da alaƙa da manoman Afirka, ko da yake yawancinsu ba su sani ba. Dattawa suna tune da kurkunu, tsutsar da ke shiga ta ruwan sha, ta yi shekara guda a jiki, ta fito ta ƙafa daidai lokacin aikin gona, tsawonta har ya kai mita guda. A ƙidayar da aka yi a Nijeriya a 1988 zuwa 1989 an sami fiye da mutum 650,000 da ita. Cibiyar Carter ta Amurka ta shiga yaƙi da ita tun 1986, Janar Yakubu Gowon ma ya bi ƙauyuka yana jan hankalin jama'a. Cikin kayan yaƙin akwai wani ɗan bututun roba mai raga a baki, wanda manomi ko makiyayi ke ratayawa a wuya ya zuƙi ruwa ta cikinsa. Kamfanin Vestergaard Frandsen na ƙasar Danmak, wanda ya yi irin waɗannan bututai, shi ya kyautata dabarar, a 2005 ya fito da LifeStraw, wanda matafiya daji ke saye. Mutum na ƙarshe da kurkunu ya kama a Nijeriya an gan shi a 2008, a Disamba 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya da Nijar sun rabu da shi. A 2023 mutum 14 kaɗai aka samu a duniya duka, 9 daga cikinsu a Chadi. Fatake masu zuwa can kada su yar da al'adar tacewa.

Matatan zamani, irin su LifeStraw da Sawyer da Katadyn, cike suke da siraran zaruruwa masu rami a ciki, jikinsu da ƙofofi na maikiron 0.1 zuwa 0.2. Waɗansunsu nauyinsu bai kai giram 100 ba. A cika jakar roba a rafi, a ɗaura mataci a bakinta, a matse, a sha nan take. Suna tare jiyardiya, da ƙwayar zawon maruƙa, da bakteriya. Bairos kuwa ya fi ƙofar ƙanƙanta, wucewa yake yi. Wannan wuri ne da ya kamata a lura da shi. Mai gudu a ƙwanƙolin dutsen Turai, inda ba mai kwana sai dabba, mataci yakan ishe shi. A duwatsun Mambila da Mandara kuwa mutane suna zaune har bisa, akwai gida a saman gida, don haka mataci shi kaɗai bai isa ba. Har wa yau, ruwa mai laka yana toshe shi, sai a riƙa wanke shi ta baya da ruwa mai tsabta. Wanda ya faɗi ya tsage, ko ruwa ya daskare a cikinsa, ya tashi aiki ko da ido bai ga tsagar ba.

KASHE CUTAR

Tafasawa ita ce sarauniyar hanyoyi, gama tana gama da gida ukun nan duka. A bar ruwa ya tafaso sosai yana birkitawa, a ƙirga minti ɗaya. A wurin da tsayinsa ya wuce mita 2,000 a ba shi minti uku, don a can sama iska ba ta da nauyi, ruwa yana tafasa tun zafinsa bai kai na ƙasa ba, wajen digiri 93 maimakon 100. Jos tana wajen mita 1,200, tudun Mambila kuwa galibinsa wajen 1,600, minti ɗaya ya isa. Mai hawa Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a Nijeriya, mita 2,419, shi zai ƙirga uku. Mai gudu ba ya iya tsayawa hura wuta, amma matafiyin da ke riƙe da butar shayi ya riga ya riƙe maganinsa. In an ya da zango da dare, a tafasa na gobe, ya kwana ya huce a cikin abin da aka rufe.

Na biyu shi ne kulorin. Ana sayar da shi ƙwaya-ƙwaya, irin su Aquatabs, ba nauyi, ba cin wuri. A jefa cikin ruwan da aka riga aka tace, a girgiza, a jira minti 30. Girman ƙwayoyin ya bambanta, wata ta lita ɗaya ce, wata ta jarka, don haka a karanta takardar, ko a ba wanda ya iya ya karanta. In ruwan yana da sanyi ƙwarai a ƙara lokacin jira. Kulorin yana kashe bakteriya da bairos, amma ƙwayar zawon maruƙa ɓawonta ya fi ƙarfinsa. Mutanen birnin Milwaukee na Amurka sun ga haka a 1993, sa'ad da ta bi ruwan famfo mai kulorin ta kwantar da wajen mutum 400,000. Akwai wani iri da ake kira kulorin dayoksaid wanda yake iya mata, sai dai yana bukatar sa'a huɗu. Aidin kuma, wanda matafiyan da suka yi amfani da shi, bai iya mata ba, bai kuma dace da mai juna biyu ko mai maƙoƙo ba.

To, ga inda dabarar take. Abin da kulorin ya kasa kashewa babba ne, matacin zamani yana tare shi. Abin da mataci ya kasa tarewa ƙarami ne, kulorin yana kashe shi. In an gama su biyu, ba abin da ya rage. Wanda ba shi da matacin zamani, kuma ya san akwai garke a saman rafin, tafasawa ce tasa.

Na uku ita ce rana. Masana a birnin Beirut na Lebanon suka fara gwada wannan a farkon shekarun 1980. A samu farar kwalbar roba mai haske, irin ta ruwan sayarwa, wadda ba ta wuce lita biyu ba, a cika, a kwantar da ita a rana sa'a shida. In gari ya yi lumshi sai kwana biyu. Tilas ruwan ya zama garau. Gwajinsa kuwa ga shi: a tsayar da kwalbar bisa babban rubutun jarida, a leƙa ta bakinta, in ana iya karanta haruffan ruwan ya yi. Masu gudu suna da wata fitila kamar alƙalami mai irin wannan haske, wadda ke gama lita ɗaya cikin minti ɗaya da rabi, amma tana cin batir da kuɗi. Manomin da zai wuni a gona ɗaya ba ya bukatarta. Ya shimfiɗa kwalabe bisa fā da hantsi, na yau ya zama na gobe. Sai dai a Mambila, inda hazo da gajimare ke rufe gari da damina, kada a dogara ga rana ita kaɗai.

GORA BIYU

Masu gudu da ke aiki da ƙwaya suna da wata dabara mai sauƙi, watau riƙe gora biyu. In an iso rafi a cika wadda ta ƙare ta cikin ƙyalle, a jefa ƙwaya, a ci gaba da tafiya ana shan ɗayar. Kafin a kai rafi na gaba minti 30 sun wuce, sai a musanya. Ta haka ba a tsayawa jira, ƙishirwa kuma ba ta sa mutum ya yi gaggawa. Bayan ƙwayar ta narke, a ɗan sassauta murfi, a kifa gorar, ruwan maganin ya wanke bakinta, don ɗanyen ruwan da ya maƙale a nan ya isa ya ɓata aikin.

Akwai kuma ƙofar da aka fi mantawa da ita, watau abinci. Mutum ya tafasa ruwan shansa, sa'an nan ya dama fura da ruwan rafi, ko ya jiƙa garin rogo da shi, ko ya ɗauraye kofin shayi a mashaya. Cutar ba ruwanta da ta wace ƙwarya ta shiga. Ruwan damu ruwan sha ne, a yi masa abin da aka yi wa na sha. Hannu ma a wanke shi da sabulu, musamman wanda ya taɓa maraƙi mai zawo.

ABIN DA BA YA TACUWA

Guba ba ta jin wuta, ba ta jin kulorin, ƙyalle da matacin zare kuma ba su tare ta. Rafin da aka wanke famfon feshi a ciki, ko aka zuba maganin ƙwari don kama kifi, ko wanda ya biyo ta wurin wankin zinariya, da kududdufan da haƙar kuza ta bari a ƙasar Jos, duk a nisance su. Tafasa irin wannan ruwa ma ƙara masa ƙarfi take yi, don ruwa ne ke ƙonewa, gubar ta zauna.

Akwai kuma cututtukan da ke shiga ta fata. Tsargiya, mai sa fitsarin jini, tana fitowa daga katantanwar ruwa, ta huda fatar mai wanka ko mai ƙetarewa, ta fi yawa inda ruwa ke kwance ko yake tafiya a hankali. Leftosfira ta Borneo ita ma takan shiga ta rauni, da ido, da baki. Mai miki a ƙafa ya nemi gada ko duwatsun takawa.

IN BA YADDA ZA A YI

Wata rana ƙwaya za ta ƙare, ashana ta jiƙe, rana ta yi zafi, gari kuma da nisa. A nan masu gudu da likitocinsu bakinsu ɗaya ne: ƙishirwa mai tsanani tana kayar da mutum a yau, cutar ruwa kuwa sai an jima, kuma galibi tana da magani. A zaɓi wuri mafi kyau, a tace da ƙyalle, a sha, a riƙe ranar da wurin a ka. Haka kuma kada tsoron ƙishirwa ya sa a yi ta ɗura ruwa fiye da kima, don gumi yana tafiya da gishirin jiki. A sha gwargwadon ƙishirwa, a ci abu mai ɗan gishiri.

In zawo ya zo, a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa. In da jini, ko zazzaɓi, ko ido ya yi rawaya, ko zawon yana zuba kamar ruwan shinkafa, ko ya wuce kwana uku, a tafi asibiti ba jinkiri. A gaya wa likita an sha ruwan rafi, da wurin, da ranar, don wannan labari yakan gajarta masa bincike.

Daga ƙarshe, mai karatu ya tuna kowane rafi yana da na sama da na ƙasa, wanda yake na ƙasa a nan kuwa shi ne na sama ga wani. Makiyayi ya keɓe mashayar dabbobi a ƙasa da inda mutane ke ɗiba, ya nisanta turken maruƙa daga gaɓa. Manomi kada ya tara taki a bakin rafi, kada ya wanke famfon feshi a ciki. Mai gida ya haƙa masai nesa da ruwa, aƙalla mita 30, a gangare. Mai unguwa da dagaci su sa a killace marmaro. Matafiyi kuma, kafin ya ɗaura kaya, ya duba ko ƙyallen tacewa, da gora biyu, da ƙwayar kulorin ko ashana suna ciki. Rigakafi ya fi magani.